Sannu da Jiki, Hajiya Zulai

Waɗanda suka san Hajiya Zulaihatu a Ƙanƙara lokacin da sai ta karkace take shiga ƙofar ɗakinta ba sa yarda in aka ce musu da can siririya ce. Amma tsofaffin Tafoki, inda aka haife ta, suna nan da ransu, kuma har yau in za su yi kwatancenta cewa suke, "Zulai Tsinke, ɗiyar mai gyaɗa." Doguwar yarinya ce mai wuyan zalɓe. Tana cin tuwo kamar kowa, sai dai ba a ganin inda yake zuwa.

Ranar da aka kai ta gidan Gide, wani saurayi mai awon masara a kasuwar Ƙanƙara, uwar mijin, Inna Hussaina, ta ɗaga mayafi ta dube ta sama da ƙasa, sannan ta juya ga matan da suka yi rakiya ta ce, "To, mun gode. Sauran sai yaushe za a kawo?"

Aka kwashe da dariya. Amarya ta yi kuka, amma da yake dama ranar kuka ce, babu wanda ya tambayi dalili.

Da shekara ta zagayo ta je ganin gida, gwaggonninta suka ja ta ɗaki suka tsare ta da tambaya, ko abinci ne ba a ba ta. Ta rantse tana ci har ta bari. Ba su yarda ba, suka aika wa Gide saƙo mai ɗan zafi. A kasuwa ma abokansa ba su bar shi ba: mutum ya yini cikin buhunan masara, a ce matarsa kamar karan dawa? Dangin miji da dangin mata, waɗanda ko a kan sadaki sai da suka yi ja-in-ja, suka haɗa kai a kan abu ɗaya: sai Zulai ta yi jiki.

Aka dage. Fura da kindirmo da hantsi, tuwo da man shanu har yana malala, kunun gyaɗa, ƙwai, balangu in Gide ya taso daga kasuwa. Da ta haihu, Inna Hussaina ta tsaya a kanta da kanta, kunun kanwa ƙwarya guda sai ta ga bayansa. Daga baya wata maƙwabciya ta kawo mata ƙwayar nan da mata ke kira sha-ka-fashe, ta ce a kemis ake samu, ba a buƙatar takardar likita. Zulai ta sha. Ba ta fashe ba, amma ta kama hanya.

Kafin ta yaye ɗanta na uku, Abdulgafar, gari ya sallama. Mata na cewa, "Ma sha Allah, Zulai, hutu ya karɓe ki." Maza na cewa Gide ya iya riƙon iyali. Tun ba ta taɓa ganin jirgi a ƙasa ba 'yan kasuwa suka fara kiranta Hajiya, don ba ya yiwuwa a dubi mace mai wannan cika a kira ta da sunanta tsura. Shi kansa Gide sai da ta riga shi samun laƙabin, daga baya nasa Alhajin ya biyo.

Sana'arta girkin biki. Ta fara da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, irin na gidansu, ta koma waina da alkaki da dubulan, har ta kai in ana aure ko suna daga Pauwa zuwa Sabuwa, ba a cewa an gama shiri sai an ce, "An gaya wa Hajiya Zulai?" Jikinta ne tallarta. Duk wanda ya gan ta zaune gaban tukwane ya san abincin nan an ci an shaida. Kowace tukunya sai ta ɗanɗana, kuma ɗanɗanonta da ludayi ne. Kujerar roba ba ta ɗaukarta, don haka duk gidan da ta je turmi ake kifa mata. 'Yan acaɓa kuwa in suka hango ta a bakin titi, nan take kowa ke tuna yana da abin dubawa a tayar baya.

Abin da gari bai gani ba shi ne abin da ke faruwa in ta koma gida. Gwiwoyi suka fara, sai baya. Sai ciwon suga, sai hawan jini. Daga ɗaki zuwa madafi sai ta tsaya ta huta a jikin rumbu. Salla ta koma yinta a zaune. Da ta je aikin hajjin gaske, a keke aka tura ta ɗawafi, tana kallon tsofaffin da suka haife ta suna wuce ta da ƙafarsu. Ta gwada ruwan ɗumi da lemon tsami. Ta gwada shayin rage tumbi na masu lasifika a tasha. Ta gwada azumin Litinin da Alhamis, sai dai buɗa-bakin mai girkin biki ba irin na kowa ba ne. Duk sanda ta fito bayan ta kwana tana fama da numfashi, abin da ake tarbarta da shi shi ne, "Hajiya, kullum ƙara kyau kike."

Abin da ya karya ta ya faru a wani biki a Ruwan Godiya. A shekarun nan, duk ƙauyen da aka ji ƙarar babura da yawa lokaci guda ba a tsayawa tambayar su wane ne. Bayan la'asar, ana cikin kwashe tuwo, sai ga ƙarar daga yamma. Wata ta ƙwala ihu, "Ga su nan!" Kafin ka ce kwabo gida ya watse. Mata suka keta danga suka faɗa gonar masara, wasu da goyo, wasu ba takalmi. Uwar amarya ma ba a ga ta inda ta bi ba.

Hajiya Zulai na kan turminta. Dama mata biyu ke kama ta ta miƙe, kuma su biyun suna cikin masara. Ta dafa gwiwa ta yunƙura, ta koma. Ta dogara muciya ta sake yunƙurawa, ta koma. Ta ji ƙarar ta iso ƙofar gida. Sai ta yi kalmar shahada, ta gyara ɗankwalinta. Da ta ga miyar taushe na neman kamawa, ta miƙa hannu ta janye itace, don ko mutuwa za a yi ba dalilin ƙona miya.

Abokan ango ne suka zo daga Sabuwa. Suka yi sallama suka shigo, suka tarar da gida wayam, sai mace ɗaya gaban tukwane riƙe da muciya.

Kafin magariba labari ya zaga. Kowa ya gudu, Hajiya Zulai ko gezau. Zabiyar bikin ta sa ta a waƙa, ta kira ta giwa mai jiran maza. Mata suka yi ta zuwa suna jinjina mata, tana murmushi tana cewa, "Ai Allah ne." Suka hau mota suka koma Ƙanƙara. Sai da suka shiga ɗaki ta dubi autarta Sumayya, wadda ke taya ta aiki, ta ce, "Kin ga kajin gidan bikin nan? Har su sun tsere." Ta rufe fuska da gefen mayafi.

Abdulgafar yana aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a Abuja, kuma ya sha gaya mata akwai tiyatar da ake yi wa masu irin jikinta, tana cewa ya rufa mata asiri. Washegari da kanta ta sa Sumayya ta kira shi.

Alhaji Gide bai so ba. Ya zauna bakin gado yana juya hularsa a hannu. "Shekara da shekaru ana gina abu," in ji shi, "a ce a je a rushe shi yini ɗaya? Mi mutane za su ce?"

"Alhaji, in sun sake zuwa, kuma ba abokan ango ba ne, kai za ka goya ni?"

Ya dubi matarsa, ya dubi hannuwansa, ya mayar da hularsa ka.

Inna Hussaina, wadda tsufa ya bar ta da haƙori biyu da bakinta cikakke, ta ce ita ba ta taɓa jin mutum da lafiyarsa ya kai kansa a yanka ba. "Ni na san wahalar da na sha kafin ki zama mutum," ta ce.

Hajiya Zulai tana da bijimai da take turkewa a bayan gida, tana ɗura musu dusa da harawa har sai sun kasa juyawa, sannan a kai su kasuwa gab da salla. Su aka sayar aka yi kuɗin aiki, 'ya'ya suka cika. Ranar da aka zo jansu ta leƙo ta taga tana kallon yadda suke tafiya da ƙyar, ta ce da Sumayya, "Ni da su duk kiwo ɗaya aka yi mana."

Likitar da ta gan ta a Abuja wata 'yar mitsitsiyar mace ce mai tabarau, wadda Hajiya Zulai ta duba ta ji tausayinta. Ta yi mata bayani da Hausarta ta bariki: tumbin mutum kamar jaka yake, nata ya buɗe da yawa. Za a yanke mafi yawansa a cire, a ɗinke sauran ya koma kamar ayaba guda.

"Wanda aka cire fa?"

"Ba ya dawowa, Hajiya."

"Na sani. Ina za ku kai shi? Jikin Musulma ne, ba na son a jefa mani shi a shara."

Likita ta cire tabarau ta dube ta, ta ce a duk waɗanda ta yi wa aikin ba wanda ya taɓa tambaya. Ta yi alkawarin za a ba Abdulgafar ya binne. Sannan ta ja mata kunne: wuƙa rabin aiki take yi, sauran rabin a hannun mai jiki yake, kuma har ƙarshen rai. Tun kafin a shiga da ita ma sai da ta yi makonni ba ta cin abin da ake taunawa, wai don hanta ta saɓe a samu wurin aiki.

Da ta farfaɗo, abin da ta fara yi shi ne lalubar cikinta. Yana nan inda ta bar shi, tsauni guda ƙarƙashin bargo.

"Sumayya," ta ce da dasasshiyar murya, "fasawa suka yi?"

"An yi, Umma. An gama lahiya."

"To ina abin ya tafi?"

Ita a tunaninta za ta tashi ta ga an kwashe. Abin da ta samu 'yan huji ne ƙanana a fatar ciki an manna musu filasta, sai ciwo a kafaɗa wanda aka ce iskar da aka hura mata a ciki ce, sai ƙishi. Ruwa kuwa a murfin gora ake ba ta, ta kurɓa ta jira. Tun a ranar, wata nas mara wasa ta tashe ta tsaye ta ce sai ta taka. Ta taka har ƙofa tana jan ƙarfen ƙarin ruwa, tana ambaton bijimanta ɗaya bayan ɗaya.

Da suka dawo Ƙanƙara aka fara zuwa dubiya, kuma ba a zuwa dubiyar Hajiya Zulai hannu rabbana. Masu farfesun kaza, masu fura, masu dambun nama, masu katan ɗin lemon kwalba. Duk wanda ta taɓa ciyarwa ya zo ramawa. Ita kuwa abin da aka yarda ta sha romo ne da aka tace, sai koko tsararo ba sukari, a ɗan kofin shayi, shi ma ba ta iya shanyewa. Matan suka so ganin ɗinki, ta ɗaga riga ta nuna musu hujin. Suka dubi juna. Wata ta ce, "Wannan ne aka sayar da shanu?"

Kwanukan dubiya suka taru a tsakar gida. Alhaji Gide ya ce almubazzaranci ba kyau, kuma mayar wa mutane da abinci cin fuska ne. Ya ɗauki nauyin abin a kansa, safe da yamma, ba tare da ya yi ƙorafi ko sau ɗaya ba.

Sannu a hankali aka ƙara mata faten wake da aka dama lukui, dafaffen ƙwai, kifi. Aka ce kada ta sha ruwa tana cin abinci, ta tauna kowace loma har ta gaji, kuma ƙwayoyin ƙarin jini da na ƙarfin ƙashi sun zama abokan zamanta. Wata safiya Sumayya ta fita kai niƙa, ƙamshin ɗumamen tuwo da miyar kuka ya shigo har ɗaki. Hajiya Zulai ta lallaɓa madafi kamar ɓarauniya a gidanta, ta gutsuri loma irin ta da, ta dangwali man shanu, ta haɗiye. Ta ƙara ta biyu. Nan tuwon ya tsaya mata a ƙirji kamar dutse. Gumi ya karyo, ido ya firfito, ta durƙusa bakin rariya tana kelaya amai har ta ɗauka ɗinkin ya farke. Haka Sumayya ta dawo ta same ta. Ta wanke mata fuska, ta kai ta ɗaki, kuma har yau ba wadda ta sake tayar da maganar.

Wannan lokacin ya fi tiyatar wuya. Ba yunwa take ji ba, yunwar ma ta ɗauke. Kewa take ji. Abinci ne aikinta, shi ne hirarta, shi ne abin da take rarrashin kanta da shi in ranta ya ɓaci. Ran nan ta soya wa jikokinta waina, ta ɗauki guda ta ci rabi, ta ji ta ƙoshi har wuya. Ta zauna da sauran rabin a hannu tana hawaye, yara na kallonta sun rasa wanda ya mutu.

Sai jiki ya fara sauka. Awarwaron da ya shekara a maƙale a wuyan hannunta ya zame har gwiwar hannu. Rigunanta suka koma kamar na aro, tela ya rage, ya sake ragewa, daga baya ya ce gara a fitar da biyu daga kowace ɗaya. Fatar damtsenta ta saki tana lilo, gashi ya yi ta zuba a mataji kafin ya tsaya, ga jin sanyi ko da rana. Amma awon suga ya sauko, har likita ya fara janye mata magunguna. Gwiwa ta yi sauƙi. Wata azahar ta ture kujerar salla gefe don ta gwada, ta yi ruku'u, ta sauka, goshinta ya taɓa ƙasa. Rabonta da haka tun Sumayya na goye. Ta daɗe a sujadar nan har Sumayya ta leƙo ta ga ko lafiya.

Ranar da ta fara takawa da ƙafarta har kasuwa ba tare da ta tsaya hutu ba, tana jin kanta kamar budurwa, mace ta farko da ta ci karo da ita ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Hajiya, ke ce? Sannu da jiki. Allah shi sa kaffara ne."

"Lahiyata lau."

"Haka ne, haka ne. Dama haƙuri ake yi. Sannu kin ji."

Daga nan har rumfar masu kayan miya sannu take amsawa. Shekarun da ta yi tana kwana zaune don numfashi, ba wanda ya taɓa ce mata sannu. Yanzu da ta warke, mai tumatir har ƙari ya yi mata don tausayi.

Magana ta bazu. Wasu suka ce sammu ne, abokan sana'a suka yi mata. Wasu suka rage murya suka ce ciwon nan ne da ba a faɗin sunansa. Wata mata daga Pauwa ta zo neman mai girkin auren ɗiyarta, ta tarar da ita tana shara a tsakar gida, ta gaishe ta ta ce, "Hajiyar na ciki?" Da aka ce ai ita ce, matar ta yi ta salati, ta sha ruwa, ta yi addu'ar samun sauƙi, ta tafi ba ta ambaci bikin ba. Daga baya aka ji ta ba wata mai jiki aikin. Ta ce ita ba za ta ba da girki ga wadda ba ta cin girkinta ba.

Abin da ya ƙara dagula lissafin gari shi ne Alhaji Gide. Mutumin da ya tsufa ba shi da tumbi, sai ga shi babbar riga na ɗagewa ta gaba, wuya ya yi sala-sala. Mata na raguwa, miji na ƙaruwa, a gida ɗaya, a lokaci ɗaya. Masu hangen nesa suka ce wannan ba ya buƙatar dogon bincike. Har daga Tafoki ƙaninta Harisu ya zo takanas, ya zauna a zaure yana duban cikin surukinsa, ya ce dangi sun aiko shi ya ji ko akwai abin da ake ɓoye musu. Alhaji Gide ya rantse har da ɗaga hannu sama cewa farfesun dubiya ne. Harisu ya ce to, Allah ya sa.

Ita dai ta koma bakin aikinta. Bukukuwan sun ragu, amma waɗanda suka kira ta sun ga abin da ba su saba gani ba: Hajiya Zulai a tsaye, tana zagaya tukwane, tana leƙa kowace da kanta maimakon a kawo mata ludayi. Ɗanɗano ya koma a kan harshe, ɗigo ɗaya. Zaƙi ya daina yi mata daɗi, don haka alkaki da dubulan Sumayya ke faɗin ko sun ji. Abincinta a ɗan farantin da ake ɗora kofin shayi take zubawa, ta fara da nama ko wake, ta ci a hankali ana hira. In ta yi gaggawa jikinta na tuna mata. Masu yi mata sannu ta daina yi musu gardama. Takan ce, "Yauwa, na gode," ta wuce su da sauri.

Bara Alhaji Gide ya fara jin jiri a kasuwa. Aka auna shi, aka ce jininsa ya hau, suga ma na leƙowa, sai ya rage jiki. Abdulgafar ya ce a waya, cikin wasa, ai likitar Umma tana nan. Alhaji ya ce ko sunan Abuja kada a sake kira masa. Aka daidaita a kan tafiyar ƙafa kowace safiya, daga gida zuwa gonarsa ta bayan gari. Don kada a ce yana motsa jiki kamar ɗan makaranta, sai ya riƙa rataya fartanya a kafaɗa, ko da rani.

Tare suke fita. Shi a gaba, ita a baya, kamar yadda aka saba. Sai dai kafin su wuce makarantar firamare ta cim masa, tana taka masa dunduniyar takalmi. Ta ja baya ta ba shi rata, ta sake cim masa. In sun fita daga cikin gidaje, inda ba idon mutane, takan ce, "Alhaji, a ba ni hanya," ya matsa gefe yana haki. Ta wuce, ta je gindin ɗorawar da ke bakin gonar ta zauna ta jira shi.

Ran nan ya iso ya zube kusa da ita, ya ajiye fartanya, ya daɗe yana mayar da numfashi.

"Wai ke ba ki gajiya?"

"Ina gajiya mana."

"To gobe a huta."

Ta zuba masa ruwa a murfin gora don tsokana, ya harare ta, ya karɓe gorar gaba ɗaya. Da ya sha ya ƙoshi ta miƙe ta kakkaɓe zaninta, ta miƙa masa hannu. Ya waiga hagu da dama ya tabbatar ba kowa a hanya, sannan ya kama.